Gurbin Bincike a Turai: Sai Ka Fara Samo Mai Masauki

Wanda ya kammala digirin digirgir a fannin likitanci, kimiyya ko injiniyanci yakan dawo ya tarar ɗakin gwaji ba na'ura, ga ɗalibai cike da aji suna jiran lacca, bincike kuwa sai dai a yi ta cewa gobe. Don irinsa aka tanadi guraben bincike masu tallafi: a ba ka kuɗin wata-wata da wurin aiki na shekara ɗaya ko biyu, ka zauna ka bi diddigin tambayar da ka zaɓa da kanka.

Gidauniyar Alexander von Humboldt ta Jamus, wadda aka sake kafawa a 1953, tana da shirin Georg Forster don masana daga ƙasashe masu tasowa. Wanda bai wuce shekara 4 da kammala digirinsa ba yana iya samun wata 6 zuwa 24. Wanda ya kwana biyu amma bai haura shekara 12 ba, wata 6 zuwa 18. Tarayyar Turai ma tana da na Marie Curie, wata 12 zuwa 24, bisa sharaɗin ba ka zauna a ƙasar da za ka je fiye da wata 12 ba cikin shekara 3 da suka gabata.

A ganina, cike fom ne mafi sauƙi a cikin aikin. Waɗannan hukumomi ba sa nema wa kowa mai masauki. Kai za ka samo farfesan da zai karɓe ka a sashensa, ya rubuta cewa ya yarda. Wasiƙar da ta fara da doguwar gaisuwa, ta ƙare da roƙon taimako, kuma aka watsa ta ga mutum hamsin, da wuya a amsa ta. Wadda ake amsawa gajera ce: na karanta maƙalarka kan sikila, ina da bayanan majinyata na shekaru, kai kuma kana da na'urar karanta ƙwayoyin gado, ga abin da za mu gano tare. Nan ciniki ya faɗa, domin kowa ya zo da hajarsa. Wajen tantance masu nema kuwa, maƙalu biyu ko uku a mujallu masu tantancewa sun fi goma da aka biya kuɗi aka buga cikin mako guda (masu zaɓen sun san irin waɗannan mujallu sarai).

Likitoci su lura: gurbin bincike ba lasisin duba majinyaci ba ne. A Birtaniya sai da rajistar hukumar likitoci ta GMC, a Jamus sai da izinin aiki da ƙwarewa a Jamusanci. Gara a gina shirin kan ɗakin gwaji ko nazarin bayanai. Idan kuma za a fitar da samfurin jini daga gida, a nemi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike da yarjejeniyar miƙa samfuri tun da wuri, don takardun nan kan ci watanni.