Hutu a Masar cikin watan Agusta: Kayan da za ka ɗauka da waɗanda za ka bari a gida

Mai karatu, da zarar an rufe makarantu a ƙarshen watan Yuli, idan ka leƙa filin jirgin sama na Malam Aminu Kano za ka tarar da iyalai jingim da manyan akwatuna, wasu za su Dubai, wasu Turkiyya, wasu kuma Masar domin hutu ko ganin likita. Abin da da yawa daga cikinmu ke mantawa shi ne, a daidai lokacin da muke cikin marka a nan gida, gari ya yi luf, su waɗancan ƙasashe suna tsakiyar zafinsu ne. Bazararmu takan kama daga Maris zuwa Mayu, tasu kuwa daga Yuni zuwa Agusta. Wato dai mutum ya gama shan tasa ranar, sannan ya sayi tikiti da kuɗinsa ya je ya tarar da ta wasu.

Ni ganau ne a kan wannan batu. A wani watan Agusta na yi tafiya zuwa Masar tare da iyalina da kuma yayana, mutumin da ya haura shekara sittin kuma yake fama da ciwon sukari. Tun a gida na ga akwatinsa cike da shadda wadda ta sha sitaci da bugu, sai na ce masa, "Yaya, anya kuwa waɗannan kayan za su yi a can?" Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro ne. Wanda ya yi shekara goma yana aiki a Sakkwato, wace rana ce za ta ba shi tsoro?" Na ja bakina na yi shiru.

A Alƙahira ba mu sha wata wahala ba, domin zafin birnin a wannan wata yakan tsaya ne wajen digiri 35. Da muka gangara kudu zuwa Luksor, inda ma'aunin zafi kan haura digiri 40 kusan kullum a wannan lokaci, sai labari ya sha bamban. Mun shiga Kwarin Sarakuna, inda Howard Carter ya gano kabarin Fir'auna Tutankamun a 1922, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Wuri ne na fararen duwatsu, babu bishiya ko ɗaya, rana tana dukanka daga sama, ƙasa kuma tana mayar maka da ita. Ba mu yi awa ɗaya ba sai na ga Yaya ya jingina da bango, yana magana ba kan gado. Allah Ya taimake mu da wani ɗan rakiya wanda ya san aikinsa. Ya kai shi inuwa, ya sa muka cire masa babbar riga da hula, ya jiƙa masa wuya da hammata da ruwan sanyi har ya dawo hayyacinsa, sannan muka wuce da shi wajen likita. Kwana biyu ya yi a kwance a masauki.

Darasin da na koya shi ne, a Sakkwato ko Maiduguri babu mai hankalin da ke yawo da ƙafa awa uku da tsakar rana. Muna da rumfa, muna da zaure, muna da ƙailula. Mai yawon buɗe ido kuwa ya biya kuɗi, don haka yana ganin asara ce ya zauna a ɗaki. Zafin ma na yanzu ya fi wanda aka saba. A watan Yunin 2024 ya haura digiri 50 a birnin Aswan, kuma a cikin wannan watan ne hukumomin Saudiyya suka tabbatar da rasuwar alhazai sama da 1,300 a aikin Hajji, da yawansu saboda tsananin zafi.

Batun tufafi shi ne na farko. Jikin ɗan Adam yana sanyaya kansa ne ta hanyar gumi, amma sai gumin ya bushe sannan sanyin ke samuwa. Shadda mai sitaci da leshi mai nauyi da yadin roba duk suna toshe iska, sai gumi ya kwanta a jiki babu amfani. Abin da ya dace shi ne yadin auduga mara nauyi ko na lilin, wanda shi ne tufafin Misirawa tun zamanin Fir'aunoni, kuma a ɗinka shi da yalwa. Maza, jallabiya uku ko huɗu da wando mai faɗi sun wadatar, sai kaftani ɗaya mai kyau saboda sallar Juma'a a masallacin Azhar ko wata ziyara ta girmamawa. Wanda ba shi da jallabiya ma kada ya damu, kasuwar Khan Khalili cike take da su.

Mata kan tambaye ni ko dole ne su bar baƙar abaya a gida. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 1980 kan Larabawan ƙauye na hamadar Sina'i da Negeb ya gano cewa baƙar riga mai yalwa ba ta ƙara wa mai sanye da ita zafi fiye da fara, domin iskar da ke zagayawa tsakanin riga da fata tana kwashe zafin kafin ya isa jiki. Ke nan yalwar tufa da irin yadinta sun fi launi muhimmanci. Abaya ta roba da hijabi mai santsi har ƙasa su ne matsala. A nemi mayafi na auduga, a rage kayan ciki masu matsewa.

Takalmi kuma a ɗauki wanda ƙafa ta saba da shi, mai rufi da taushi, domin harabar dalar Giza da ta gidan tarihin Karnak yashi ne da tsakuwa. Sabon takalmi zai fitar maka da bororo tun ranar farko. A haɗa da safa, saboda idan ka cire takalmi a harabar masallaci da rana tsaka, daɓen yakan yi zafin da ba ya takuwa. Malafa ko lema, da tabarau mai kare hasken rana, su ma wajibi ne. Kada a raina man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama da haka, domin baƙar fata ma tana ƙuna, balle fatar da aka saba shafa mata man bilicin, wadda ta riga ta yi rauni. A ƙarshe a sa rigar sanyi mara nauyi guda ɗaya, musamman ga yara, saboda na'urar sanyaya ɗaki ta jirgi da ta otal.

Sai magunguna, kuma a nan ne ake samun babbar fitina. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya ɗauki maganinsa da zai ishe shi har ya dawo, a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita, kuma a jakar hannu, don akwati yana iya ɓata ko ya makara. Allurar insulin ba ta jure zafi, a nema mata 'yar jaka mai riƙe sanyi. A guji Tramadol da dangoginsa. A watan Disambar 2017 wata kotu a Masar ta yanke wa wata 'yar Birtaniya hukuncin ɗaurin shekara uku saboda an same ta da ƙwayoyin Tramadol kusan 300, duk da cewa ta ce na ciwon bayan mijinta ne. Haka nan kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, komai kusancinku, sai ka buɗe ka gani da idonka.

A riƙe ƙullin gishiri da sukari na asibiti, saboda gudawa da yawan gumi. Idan babu, ana haɗa shi da ƙaramin cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa. Kowa ya riƙe gorar ruwansa, kuma kada a jira ƙishirwa kafin a sha. Zoɓonmu ma yana can, suna kiransa karkade, ana sayar da shi da sanyinsa. Idan ka ga abokin tafiya ya fara ruɗewa ko jiri, jikinsa ya yi zafi rau, to a sanyaya shi nan take a nemi asibiti.

Takardu kuma, fasfo ya kasance yana da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Masar tana neman katin rigakafin cutar shawara daga matafiyan da suka fito daga Nijeriya, kuma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar, kodayake tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi na har abada. A ɗauki hoton kowace takarda a waya. Soket ɗin Masar mai rami biyu ne zagayayyu, namu kuwa mai ƙafa uku ne, don haka a sayi adafta tun daga Sabon Gari. Batirin cajin waya a jakar hannu ake sa shi, ba a yarda da shi cikin akwatin da za a auna ba. Turare da man shafawa kuwa, tun 2006 dokar yawancin filayen jiragen sama ita ce kowace kwalba a jakar hannu kada ta wuce mililita 100. Na ga wata baiwar Allah tana hawaye an karɓe mata kwalbar humra da aka haɗa mata tun daga Maiduguri.

Shawarata ta ƙarshe ita ce a tsara fita daga bayan sallar Asuba zuwa hantsi, a koma masauki, sai bayan La'asar a sake fitowa. Tsakar rana a bar wa wuraren da ke da rufi, irin su Babban Gidan Tarihin Masar da aka buɗe a kusa da dalar Giza a watan Nuwamban 2025. Akwatin kuma a bar rabinsa babu komai, domin tsarabar 'yan uwa za ta cika shi. Yaya dai ya dawo da shaddojinsa guda bakwai a ninke yadda ya tafi da su, yana sanye da jallabiyar da na saya masa a Luksor. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya.