Yadda Ake Cewa Albarka Ba Tare Da An Rasa Mai Saye Ba

A ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Ungogo, kamar su Fanisau da Rangaza da Yadakunya, mai saye da mai sayarwa galibi sun san juna. Wanda ya zo sayen gero yau, wataƙila maƙwabci ne ko suruki. Shi ya sa idan ya nemi ragi, kunya kan sa mai kaya ya sallama ko da zai faɗi. Wannan kunya ta cinye jarin masu awo da yawa.

Da farko sai mai kaya ya san uwar kuɗinsa. Wanda ya sari buhun gero a kasuwar Dawanau, ta kan hanyar Katsina, ba kuɗin buhu kaɗai ya biya ba. Akwai la'adar dillali da kuɗin dako da kuɗin mota, wanda ya tashi ƙwarai tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Sai ya haɗa su duka, ya raba da yawan kwanon da buhun ya bayar. Abin da ya fito shi ne iyakarsa. Wanda ya iya rubutu ya rubuta, domin lissafin ka yakan ɓace da zarar an fara ja-in-ja.

Idan tayi bai kai ba, Bahaushe yana da kalmarsa: albarka. Ma'anarta a ƙara, ba a sallama ba. Kalma ce mai taushi, ba ta rufe ƙofa. Ga dattijo sai a ce, "Albarka, Baba, ko saye bai kai haka ba." Ga mace a ce, "Hajiya, ki ɗan ƙara, hatsin na bana ne, babu tsakuwa." A faɗa fuska a sake, don shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. A bar yawan rantsuwa, malamai sun hana ta a ciniki, kuma mai saye kansa yakan fara zargi idan ta yi yawa.

Sannan akwai gyara. Hannu guda na gero a kan awo bai kai asarar rage kuɗin kwano ba, ga shi mai saye ya tafi da farin ciki. Ragi kuwa ba ya ɓuya a ƙauye. Kafin la'asar kowa ya ji, gobe kowa zai nemi nasa. Idan kuɗin mutum ne ba su kai ba, a auna masa rabin kwano, ko a nuna masa dawa in ta fi araha a lokacin.

Wani duk da haka zai juya ya tafi. A yi masa sai an jima, a ce ya gaida gida. Idan ya zagaya ya tarar kuɗin ɗaya ne ya dawo, a auna masa kawai, kada a tuna masa tayinsa na ɗazu.