Yadda Wayarka Ke Auna Lafiyar Titi, Da Irin Hanyoyin Da Masu Bincike Ke Gwadawa Don Gobe

Idan ka buɗe Google Maps ka ga wani titi ya yi ja, wani kuma kore, ka san babu wani ma'aikaci da ke tsaye a bakin hanya yana ƙirga motoci. Wayoyin mutanen da ke kan titin ne ke aika bayanin inda suke da irin gudun da suke yi. A yau za mu duba yadda masu binciken sufuri ke amfani da irin wannan bayani, abin da suka gano yana kashe titi, da sababbin hanyoyin da ake gwadawa a duniya, waɗanda suka yi nasara da waɗanda suka ci kuɗi a banza.

Me ke cinye kwalta?

Amsar da injiniyoyi ke dogaro da ita har yau ta fito ne daga wani gwaji da aka yi a garin Ottawa na jihar Ilinois a Amurka, daga 1958 zuwa 1960. An gina tituna shida masu zagaye, kowane yanki da kaurinsa daban, aka sa sojoji suna tuƙa manyan motoci a kansu dare da rana, kowace mota da nauyin da aka auna mata. Bayan shekara biyu sai aka kwatanta lalacewar kowane yanki da nauyin da ya bi ta kansa.

Abin da aka gano ya ba mutane mamaki. Ɓarnar ba daidai take tafiya da nauyi ba. Abin lura shi ne nauyin da ke kan kowane layin taya, wato tayoyin da ƙarfe ɗaya ya haɗa daga hagu zuwa dama. Idan ka ninka wannan nauyin sau biyu, ɓarnar na ninkuwa kusan sau 16, wato 2 sau 2 sau 2 sau 2. Bari mu buga lissafi: layin tayar ƙaramar mota mai ɗauke da tan 1, da na tirela mai ɗauke da tan 10. Nauyin ya ninka sau 10, ɓarnar kuma ta ninka kusan sau 10,000. Idan aka yi wa tirelar lodi har layin ya kai tan 15 a maimakon 10, wucewarta sau ɗaya daidai yake da wucewar irinta guda biyar.

Wannan ne dalilin da ya sa hanyar da tireloli da tankoki suka fi bi ke saurin mutuwa ko da sabuwa ce. Shi ya sa kuma ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar ke cikinta, ta kafa doka a 2005 da ta taƙaita nauyin layin taya ɗaya a tan 11.5. Abokin nauyi wajen ɓarna shi ne ruwa. Da zarar kwalta ta tsage, ruwan sama zai shiga ya jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashi, taya ta danna, wurin ya lotsa, sai ga rami. Titin da ba shi da magudanar ruwa ya fara mutuwa tun ranar da aka buɗe shi.

Fasahar da ake amfani da ita yanzu wajen kama masu wuce ƙima ita ce sikelin da ake binnewa a cikin kwalta. Wasu siraran na'urori ne da ke fitar da ɗan lantarki idan an danne su, sai kwamfuta ta juya shi zuwa nauyi, kyamara kuma ta ɗauki lambar motar, duk ba tare da direba ya tsaya ba.

Yadda waya ke gano rami

A cikin kusan kowace wayar zamani akwai ma'aunin motsi, wanda shi ne ke juya maka allo idan ka kwantar da wayar. Yana auna motsi ta fuska uku: gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa, kuma yana iya yin haka sau ɗari ko fiye a cikin daƙiƙa ɗaya. Idan wayar na ajiye a kan tebur, zai nuna kusan 9.8 a fuskar sama da ƙasa, wato ƙarfin da ƙasa ke jan komai da shi. Da mota ta faɗa rami, lambar za ta yi tsalle nan take. Haɗa wannan tsallen da GPS, ka samu wurin da ramin yake.

Masu bincike a jami'ar MIT sun gwada wannan dabara a 2008, inda suka sa na'urori a cikin tasi guda bakwai a birnin Boston. A 2012 hukumar birnin ta fitar da manhajar Street Bump domin direbobi su sa a wayoyinsu. Darussa biyu suka fito daga nan, kuma duk mai son rubuta irin wannan manhaja ya kamata ya riƙe su.

Na farko, ba kowace girgiza ce rami ba. Yawancin abin da manhajar ta riƙa kamawa murafun ƙarfe ne na magudanan ƙarƙashin titi da suka lotsa. A wajenmu ka ƙara da tudun rage gudu, da motar da shokanta ya mutu, da fasinjan da wayarsa ta suɓuce ta faɗi. Maganin shi ne kada a yarda da rahoton waya ɗaya, sai wayoyi da dama sun yi tsalle a wuri guda. Akwai kuma ramin da ba zai taɓa fitowa ba, domin kowa ya san shi, kowa kauce masa yake yi.

Na biyu ya fi nauyi. Masu nazari sun ja hankali cewa unguwannin da mutanensu ba su da manyan wayoyi ba za su riƙa bayyana a taswirar ba. Idan hukuma ta dogara da manhaja kaɗai wajen zaɓen inda za ta gyara, unguwar masu hali ce za ta riƙa samun kwalta, hanyar ƙauye da manomi ke fito da hatsinsa kuma ta zama kamar babu ita.

Shi ma Google Maps ana iya yaudararsa. A 2020 wani ɗan Jamus mai suna Simon Weckert ya zuba wayoyi 99 a cikin ƙaramin amalanke, ya riƙa jansa a hankali a titunan Balin. Taswira ta yi ja, tana nuna cunkoso a titin da babu motoci. Manhaja abin da aka ba ta take lissafawa, ba ta da ido.

Danjar da ke lura da motoci

Tsohuwar danja da agogo take aiki: ta ba wannan hannu daƙiƙa kaza, ta ba wancan, ko da babu kowa a wajen. A 2012 masana a jami'ar Carnegie Mellon suka gwada wani tsari mai suna Surtrac a birnin Pittsburgh. Kowace danja na da kyamara da ƙaramar kwamfuta, tana ganin motocin da ke tahowa, ta tsara lokacinta, sannan ta sanar da danjar gaba abin da ke zuwa mata. Sun ba da rahoton cewa lokacin tafiya ya ragu da kusan kashi 25 cikin 100 a yankin gwajin, ba tare da an faɗaɗa titi ba. Sharaɗin dai shi ne wuta da ba ta yankewa da direbobi masu tsayawa idan ta nuna ja.

Titin da ke cajin mota

Ƙasar Suwidin ce ta fi yin fice a nan. A 2018 ta buɗe wani yanki mai tsawon kusan kilomita 2 kusa da filin jirgin Arlanda, inda aka shimfiɗa layin ƙarfe a tsakiyar hanya, mota ta sauke wani hannu daga ƙarƙashinta ta riƙa jan wuta tana tafiya. A tsibirin Gotland kuma an binne naɗaɗɗun wayoyin tagulla a ƙarƙashin kwalta na tsawon kilomita 1.6, suna tura wuta zuwa batirin mota ba tare da sun taɓa juna ba, kamar yadda ake cajin wasu wayoyi ta hanyar ɗora su a kan faifai. Jamus ta bi wata hanya a 2019, ta rataya wayoyin lantarki a saman babbar hanyar A5 kusa da Frankfurt domin manyan motoci.

Manufar ita ce a rage girman batiri, domin batirin babbar mota na da tsada da nauyi. Sai dai duk waɗannan gwaje-gwaje ne na 'yan kilomitoci, kuma sai da wadatacciyar wuta suke da ma'ana.

Titin sola: darasi daga Faransa

A watan Disamba na 2016 Faransa ta buɗe titin sola mai tsawon kilomita 1 a yankin Normandi, a kan kuɗi kusan Yuro miliyan 5. Hotunansa sun zaga intanet. Kafin 2019 ya ƙare an riga an ayyana shi a matsayin wanda bai yi nasara ba: faifan sun riƙa ɓarewa, ruɓaɓɓun ganye sun rufe su, ƙarar tayoyi ta sa aka rage gudun motoci, wutar kuma ba ta kai abin da aka yi alkawari ba. Faifan sola na son a karkata shi ya fuskanci rana, iska na ratsa shi, kuma ya zauna da tsabta. Titi kuwa a shimfiɗe yake, motoci na yi masa inuwa, datti ba ya rabuwa da shi. Ka ƙiyasta abin da ƙurar hunturu za ta yi masa a Kano ko Damagaram. Faifan da ke kan rufin ɗaki ya fi shi arha da amfani nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi kusa da mu

Gwajin da ba ya jan hankali a hoto sau da yawa shi ne mai amfani. A Indiya, Farfesa Rajagopalan Vasudevan na birnin Madurai ya fito da dabarar yayyanka leda a zuba a kan tsakuwa mai zafi ta narke ta lulluɓe ta, sannan a haɗa da kwalta. Hakan na rage kwaltar da ake buƙata, yana kuma taimaka wa titin wajen jure ruwa. A 2015 gwamnatin ƙasar ta wajabta amfani da ita a hanyoyin da ke kewayen manyan birane. Masana na ci gaba da duba ko ɓurɓushin ledar na komawa cikin ƙasa da ruwa idan titin ya tsufa. A Holan kuma, Erik Schlangen na jami'ar Delft ya cakuɗa siraran zaren ƙarfe a cikin kwalta, ta yadda idan ta fara tsagewa za a bi ta kai da na'urar maganaɗisu mai zafafa ƙarfen, kwaltar ta narke kaɗan ta like tsagar.

Idan aka tattara, abubuwa uku ne ke tsawaita ran titi: hana lodin da ya wuce ƙima, fitar da ruwa, da like tsaga tun tana ƙarama. Dukkansu suna buƙatar a san halin da titin ke ciki a kan lokaci, kuma a nan ne waya ke da rawar takawa.

Gwada da kanka

Sauke manhajar phyphox, kyauta ce, jami'ar RWTH Aachen ta Jamus ce ta yi ta. Buɗe ma'aunin motsi, ka kafe wayar a wuri ɗaya a cikin mota ko adaidaita sahu kana matsayin fasinja, ka bi titi mai kyau, sannan ka bi mai ramuka. Za ka iya fitar da lambobin ka buɗe su a Excel ka ga bambancin da idonka. Mai koyon rubuta manhaja ya samu aikin gwaji na gaske ke nan. Idan kuma titin unguwarku ba ya kan taswira, OpenStreetMap na ba kowa damar zana shi kyauta. Ka tuna bayanin GPS na nuna gidanka da wajen aikinka, don haka ka goge farkon tafiyar da ƙarshenta kafin ka tura wa wani.