Sadaukan Littattafan Zane Da Yaron Da Ya Fita Dabam

Littattafan zane, waɗanda yara ke kira komik, littattafai ne da ake ba da labari a cikinsu da hotuna a jere, ɗaki ɗaki, maganar kowane mutum kuwa an rubuta ta cikin wani ɗan kewaye kusa da bakinsa. Iri iri ne. Akwai na ban dariya, kamar Sauna Jac da aka buga a Zariya, wanda manyanmu suka sha dariyar wautarsa. Amma waɗanda suka fi cin kasuwa a duniya su ne na sadaukai masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, masu tashi sama, masu ɗaga mota da hannu guda, watau su Superman da Spider-Man da 'yan'uwansu. Yanzu ma sun fita daga takarda sun shiga sinima da wayar hannu, har ya zama da wuya ka ratsa kasuwar Keffi ba ka ga jakar makaranta ko 'yar riga mai hoton ɗayansu ba. Malamai da yawa sun ɗauke su shiririta, abin ƙwacewa a aji. To, mu da ake shirya mu don zama da yara, ya kamata mu san abin da ke cikin kayan nan tukuna, gama yaro ba ya manne wa labari a banza.

Bari mu fara da babbansu. Superman ya fito a Amurka cikin 1938. Waɗansu samari biyu ne na birnin Cleveland suka ƙago shi, Jerry Siegel mai rubutawa da Joe Shuster mai zanawa, dukansu 'ya'yan Yahudawa ne waɗanda iyayensu suka yi ƙaura daga Turai. Don rashin sanin abin da ke hannunsu suka sayar da shi ga kamfani a kan dala 130 tak. Ga yadda labarin yake. Wata duniya ce mai suna Krypton za ta halaka, sai iyayen wani jinjiri suka sa shi cikin ɗan jirgi suka harbo shi, ya faɗo cikin gonar waɗansu manoma. Suka ɗauke shi suka yi renonsa, suka sa masa suna irin nasu, Clark Kent. Ya girma yana da suna biyu, na gida da ba kowa ya sani ba, da na waje wanda yake zuwa ofis da shi, sanye da tabarau, yana noƙe-noƙe kamar ba ya iya kashe ƙuda. Ku duba fa, maraya ne, baƙo ne, garinsu ya ɓace, kuma dole ya ɓoye asalinsa don ya zauna lafiya da mutane. Wanda ya san halin da baƙi Yahudawa suke ciki a zamanin nan, sa'ad da Hitler ke mulkin Jamus, a Amurka kuwa waɗansu na sake suna don su sami aiki, ba zai yi mamakin inda samarin nan suka samo labarinsu ba. Mutanen da suka zo bayansu ma haka. Stan Lee sunansa na yanka Stanley Lieber, Jack Kirby kuwa Jacob Kurtzberg.

Wannan labari fa ba baƙo ne gare mu ba. Ai kowane ɗan firamare ya ji labarin Bayajida, wanda aka ce ya taso daga Bagadaza, ya biyo ta Barno, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya sauka gidan tsohuwa Ayana. Ya nemi ruwa aka ce babu, macijiyar rijiyar Kusugu ba ta bari a ɗiba sai ran Jumma'a. Ya tafi ya sare kanta. Kashegari baƙon da jiya ba wanda ya san sunansa ya zama mijin Sarauniya Daurama. Ashe mutanen Daura da samarin Cleveland abu guda suka hango: baƙo yakan shigo da abin da 'yan gari ba su da shi, da shi kuma yake sayen wurin zama. Ku riƙe maganar sayen nan, za mu komo kanta.

Inda batun bambanci ya fito fili sosai shi ne cikin labarin X-Men, wanda Stan Lee da Jack Kirby suka fara a 1963. Waɗannan ba daga wata duniya suka zo ba. 'Ya'yan mutane ne, haifaffun gari, amma da sun kai munzalin balaga sai wata baiwa ta ɓullo a jikinsu. Wani fukafukai suka tsiro masa, wani idanunsa na fid da wani haske mai rushe bango, dole kullum ya rufe su da tabarau. Shi Stan Lee ya sha faɗa cewa gajiya ya yi da ƙago dalilin ƙarfin kowane sadauki, sai ya ce to, waɗannan haka aka haife su. Amma abin da ya yi don neman sauƙi shi ya zama ƙashin bayan labarin, don kuwa abin da aka haife ka da shi ba ka da laifi a kansa, ba ka kuma iya tuɓe shi. Mutanen gari suna tsoronsu, suna jifansu, wani lokaci iyayensu ma sukan kore su, alhali su ne ke tsare garin. A shekarar nan ta 1963 ne baƙaƙen fatan Amurka suka yi babban gangami a Washington, suna neman a daina ware su a makarantu da wuraren aiki, don haka masu karatu da yawa suka ga hoton wannan gwagwarmaya cikin labarin.

Abin da zai ba mu sha'awa mu malamai, mafakar yaran nan makaranta ce. Shugabansu malami ne, Farfesa Xavier, gurgu ne a kan keke, shi ke bi gida gida yana tattaro yaran da aka ƙi, yana koya musu yadda za su mallaki baiwarsu. Ra'ayinsa shi ne a yi haƙuri, a yi wa mutane alheri har su gane. Abokin gabansa Magneto ya ce ƙarya ne, wanda ya tsane ka don halittarka ba alherin da zai sauya shi, sai ƙarfi. Daga baya wani marubuci, Chris Claremont, ya ba Magneto tarihi, ya mai da shi wanda ya tsira yana yaro daga kisan da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa. Tun daga nan ya daina zama mugu kawai, ya zama mutumin da aka cuta har ya fid da tsammani. A ganina nan ne littattafan nan suka fi ƙarfi, gama ba su ɓoye wa yaro cewa wulakanci yana iya haifar da Xavier, yana kuma iya haifar da Magneto ba.

Baƙar fata ya daɗe bai sami shiga ba. Sai a 1966 aka fito da Black Panther, sarkin wata ƙasa ta ƙage a Afirka mai suna Wakanda, wadda Turawa ba su taɓa ci ba, shi ne kuma aka yi wa fim a 2018 duniya ta ɗauka. A 1975 aka ƙara wa X-Men mace, Storm, 'yar wata gimbiyar Kenya, mai sarrafa hadari da iska. A nan Nijeriya kuwa, daga ƙarshen shekarun 1960 samari sun yi rububin mujallar African Film saboda Lance Spearman, ɗan ƙwalisa mai kama miyagu, ko da yake shi da hotunan kyamara aka yi shi. Daga 1975 zuwa 1977 aka sayar da Powerman, sadauki baƙi mai tashi sama, wanda aka yi musamman don kasuwar Nijeriya. Amma a Ingila aka zana shi, Turawa biyu ne masu zanen, Dave Gibbons da Brian Bolland.

Maganar wanda ke riƙe da alkalami ba ƙaramar magana ce ba, mu mutanen Keffi kuwa mun fi kowa sani. A watan Oktoba na 1902 Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Maloney a garin nan, ya tafi Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girma. Lugga ya sa wannan cikin dalilansa na yaƙar Kano, wadda ta faɗi a Fabrairu 1903, shi Magaji kuwa ya rasu a yaƙin Burmi cikin shekarar. A takardun Turawa mai kisan kai ne, dutsen da ke garin ma sunan Maloney ya ci. A bakin tsofaffi da yawa kuwa namiji ne da ya ƙi sunkuyawa. Da za a ba mutum biyu takarda su zana labarin nan, wanda ɗaya ya sa wa alkyabbar sadauki shi ɗayan zai zana da jajayen idanu. Saboda haka abin murna ne da 'yan ƙasa suka kama zanen da kansu. Jide Martin ya kafa Comic Republic a Legas a 2013, Roye Okupe kuma ya fito da Malika a 2017, sarauniya mayaƙiya wadda ya gina a kan labarin Amina ta Zazzau.

Akwai wata yarinya cikin sadaukan nan da ya kamata malaman 'yan mata su sani, Kamala Khan, wadda aka fara littafinta a 2014. Musulma ce 'yar shekara 16, iyayenta mutanen Pakistan ne mazauna Amurka. Baiwarta ita ce tana iya sauya siffar jikinta yadda ta so. Ran da abin ya fara zo mata, kun san siffar da ta rikiɗa ta ɗauka? Ta wata Baturiya mai farin gashi, sadaukiyar da take sha'awa tun tana ƙarama. Sai da ta sha wuya kafin ta yarda ta yi aikinta da fuskarta ta haihuwa. Wanda ya ga yadda man bilicin ke tafiya a kasuwanninmu ba ya bukatar a yi masa fassarar wannan.

Yanzu mu komo kan sayen wurin zama, don nan ne nake da ja da littattafan nan, da namu na gida ma. Ku tuna Iliya Ɗan Maiƙarfi na Malam Ahmadu Ingawa, wanda aka buga a 1951, tushensa kuwa wani tsohon labari ne na mutanen Rasha. Iliya gurgu ne, yana zaune gida shekara da shekaru, sai waɗansu baƙi suka zo ya sami lafiya da ƙarfi, sa'an nan ya hau doki ya zama abin faɗi. Labari ne mai daɗi ƙwarai. Amma yaron da shan inna ta taɓa, yana zaune a ajinka yana saurare, me ya ji? Ya ji cewa sai an warke ake zama mutum. Haka 'yar bora ta tatsuniya, ba ta samun daraja sai ta auri ɗan sarki. Haka Bayajida, da bai kashe macijiya ba, da ya kwana gidan Ayana da ƙishirwa ya wuce, ba mai tuna shi. Superman ma ana son sa ne muddin yana tare jirgin da zai faɗi. To, yaronmu fa, wanda ba shi da macijiyar kashewa? Shi bahago ne kawai, ko mai i'ina, ko zabiya, ko kuwa Hausarsa ce ba ta nuna ba don a gida Gade ko Eggon ko Gwandara ake yi. In abin da ya koya daga sadaukai shi ne sai ya yi abin al'ajabi za a zauna benci ɗaya da shi, lalle an ɗora masa kaya mai nauyi.

Masu rubutun zamanin nan sun fara lura da haka. A 2017 Nnedi Okorafor, marubuciya 'yar asalin Nijeriya, ta rubuta wa kamfanin Marvel labarin Ngozi, wata budurwa a Legas wadda haɗarin mota ya sa ta a keken guragu, ta kuma ce 'yan matan Chibok da aka sace a 2014 suna cikin abin da ya zaburar da ita. Farfesa Xavier ma a kan kekensa yake shugabanci, ba a jira ya miƙe ba. Dokar ƙasa ita ma ta bi wannan hanya, don a Janairu 2019 aka sa hannu a kan dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci a Nijeriya. Sai dai doka ba ta shiga aji ta raba wurin zama, malami ne ke yi.

Ga wanda zai fita koyarwar gwaji a makarantun Gangaren Tudu ko wata unguwa ta Keffi, inda aji guda kan tara Bafillace da Bahaushe da Bagwari da Mada da ɗan Ibo mai shago, akwai darasin da ba ya cin kuɗi. Ka ba kowane yaro falle ɗaya, ka ce ya ninka shi gida shida, ya zana sadaukin unguwarsu. Ya ba shi suna, ya faɗi harshen da yake yi da uwarsa, da abin da yake ɓoyewa kada a sani, da wanda ya san asirinsa amma bai guje shi ba. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce muhimmiya, don ita ke juya hankalin yara daga ƙarfin sadauki zuwa ga mutanen da suka karɓe shi, kamar manoman nan da suka ɗauki jinjiri a gona tun ba su san yana iya tashi sama ba. Kada ka gyara zanen, kada ka ba da maki a kan kyansa, kada kuma ka karanta na wani a gaban aji sai da yardarsa. Ka tattara takardun ka tafi da su gida, ka karanta su da rajistar aji a gefenka.