Devika Rani: Matar da Ta Riƙe Kamfanin Fim Bayan Rasuwar Mijinta

Na san da yawa daga cikinmu ba a bar mu a baya ba wajen kallon fim ɗin Indiya, kuma sunan Dilip Kumar ba baƙo ba ne a kunnen iyayenmu. To, ashe mace ce ta fito da shi. Labarinta na kawo muku a wannan mako.

Sunanta Devika Rani, an haife ta a shekarar 1908 a wani babban gida, domin tana da dangantaka da shahararren marubucin nan Rabindranath Tagore. Tun tana ƙarama aka tura ta karatu Ingila. A can ta haɗu da Himanshu Rai, suka yi aure a 1929, sa'an nan suka wuce Jamus suka koyi aikin fim a Balin. Da suka komo gida sai suka kafa kamfanin Bombay Talkies a 1934.

A wancan zamani a Indiya, 'yar mutunci ba ta fitowa a fim. Ita ta fito. A 1936 ta yi Achhut Kanya, watau labarin yarinyar da ake ƙyamar asalinta, ta kamu da son ɗan manyan gida. Wanda ya fito tare da ita, Ashok Kumar, a ɗakin wanke fim yake aiki kafin nan.

Amma inda nake so ku tsaya ku duba shi ne 1940. A wannan shekara maigidanta ya rasu, tana da shekara 32. Mun san yadda abin yake ko a nan wajenmu: miji ya faɗi, abokan cinikinsa su zagaye dukiya, a ce da matar ta koma ɗaki. Devika ba ta koma ba. Ta zauna a kujerar mulkin kamfani, ga ma'aikata, ga albashi, ga masu hannun jari kowa da tasa. Kamfanin ya rabu gida biyu, ɓangare ɗaya nata, ɗayan na Sashadhar Mukherjee. Ɓangarenta ya fitar da Basant a 1942, wanda wata ƙaramar yarinya ta fito a ciki, ita ce daga baya duniya ta sani da Madhubala. Ɓangaren Mukherjee kuwa ya yi Kismet a 1943, kuma gaskiya ya fi samun kasuwa nesa ba kusa ba.

Zama bai yi daɗi ba. Mukherjee da Ashok Kumar suka kwashe mutanensu suka kafa nasu kamfanin, Filmistan, suka bar ta ba babban ɗan wasa. Maimakon ta bi su da roƙo, sai ta ɗauko wani saurayi haifaffen Peshawar, ɗan mai sayar da kayan marmari, mai suna Muhammad Yusuf Khan. Aka sa masa suna Dilip Kumar, ta sa shi a Jwar Bhata a 1944. Fim ɗin bai yi wani abin kirki ba, amma idonta bai yi ƙarya ba.

A 1945 ta bar harkar, ta auri wani mai zane ɗan Rasha, Svetoslav Roerich, suka zauna a gonarsu kusa da Bangalor. Kamfanin bai daɗe sosai a bayanta ba, ya durƙushe a shekarun 1950. Da gwamnatin Indiya ta ƙago lambar Dadasaheb Phalke a 1969, watau babbar lambar girma ta fim a ƙasar, ita aka fara ba. Ta rasu a watan Maris na 1994.