Fayil ya ɓace a kwamfuta? Ga yadda za ka zaɓi manhajar bincike da ta dace da kai

Duk wanda ya taɓa zama a shagon kwamfuta a Kwanar Ɗangora, ko cikin garin Tudun Wada, ko Bebeji, ya san wannan yanayin. Matashi ya taso tun daga Riruwai, ya kashe kuɗin mota, yana son a sake buga masa takardar da aka taɓa yi masa aiki a kanta bara: sakamakon jarrabawar NECO, ko silif ɗin NIN, ko takardar neman aiki. Mai shago ya tabbata tana cikin kwamfutar, amma a wace folda? Janareta na shan mai, mutane na jira, shi kuwa sai buɗe folda yake yana rufewa. Daga ƙarshe a sake buga takardar daga farko, ko yaro ya koma gida hannu rabbana.

Mu da muka saba da waya mun san sauƙin rubuta kalma ɗaya a WhatsApp saƙon bara ya fito. Kwamfuta ma tana iya haka, in ka ɗora mata manhajar da ta dace. Kafin ka zaɓa, tambayi kanka abu ɗaya: me ka fi tunawa, sunan fayil ɗin ko abin da ke rubuce a cikinsa?

In sunan kake tunawa: Everything

Everything manhaja ce ta kyauta daga voidtools, wadda David Carpenter ya ƙirƙira. Ba ta bin folda ɗaya bayan ɗaya. Tana karanta babban rajistar da Windows ke ajiye sunayen fayiloli a faifai mai tsarin NTFS, shi ya sa sakamako ke fitowa tun kana cikin rubutu. Masu ita sun ce lissafa fayil miliyan ɗaya kan ɗauke ta kamar minti ɗaya. Sauke ta ba ya cin datar kirki, ba ta buƙatar intanet wajen aiki, kuma tana tafiya har a tsohuwar laftof mai Windows 7.

Ga dabaru kaɗan. In ka rubuta kalmomi biyu da tazara a tsakani, za ta kawo fayil ɗin da ke ɗauke da su duka. In ka rubuta muhammad|mohammed, za ta kawo duk wanda ke da ɗaya daga ciki. Ƙara ext:pdf ka taƙaita ga takardun PDF, ko dm:today ka ga abin da aka taɓa yau. Hotunan da aka turo daga WhatsApp kan zo da suna irin IMG-20240312-WA0007. Lambobin tsakiya kwanan wata ne, don haka in ka tuna watan Maris na 2024 ne, rubuta 202403 kawai.

Rauninta: filashi da katin waya galibi suna kan tsarin FAT32 ko exFAT ne, sai ka shiga saituna ka ƙara su da kanka. Neman kalma a cikin takarda kuma yana yi mata nauyi.

In abin da ke ciki kake tunawa: DocFetcher ko Agent Ransack

Ɗalibin da ke rubuta aikin kammala karatu kan noman rani a yankin madatsar Tiga yana iya mance sunan fayil, amma ya tuna cewa kalmar "Tiga" na ciki. A nan DocFetcher ke da amfani. Kyauta ce, tana karanta cikin takardun Word, Excel, PowerPoint da PDF, ta tara kalmominsu a fihirisa. Gina fihirisar a karon farko yana cin lokaci da batir, don haka a bari sai akwai wuta ko rana ta buɗe a kan sola.

Agent Ransack, ta kamfanin Mythicsoft, tana iya bincike ba tare da fihirisa ba, tana buɗe fayilolin a lokacin da ka nema. Ta fi jinkiri, amma ta dace da wanda sai jefi-jefi yake irin wannan nema.

A lura: takardar da aka ɗauka da kyamarar waya ko aka yi sikanin, hoto ce a wurin kwamfuta. In ba a bi ta da manhajar da ke mayar da hoto rubutu ba, babu mai gano kalmar da ke cikinta. Suna mai kyau ne kaɗai zai cece ka.

Binciken da ya zo da Windows fa?

Yana aiki, sai dai a asali wasu foldoji kaɗan yake lura da su, kamar Documents da Desktop. Tun 2019 Microsoft ta ƙara zaɓin Enhanced a Windows 10, wanda ke sa ya game duk kwamfutar. A sabuwar na'ura mai faifan SSD wannan na iya wadatarwa. A tsohuwar laftof mai RAM gigabayit 4 kuwa, za ka iya jin ta yi nauyi. Idan kuma wani ya ba ka Google Desktop a filashi, bar ta: Google ta daina kula da ita tun 2011.

Matsalar ƙ, ɗ da ɓ

A wurin kwamfuta, ƙ da k haruffa biyu ne mabambanta. In ka sa wa fayil "Ɗangora" ka nemi "Dangora", mai yiwuwa ba za ka gan shi ba. A Everything, rubuta "angora" kawai, tunda tana kama tsakiyar kalma. Binciken Windows ya fi kama farkonta. Haka nan Windows ba ta yarda a sa alamar / a sunan fayil, shi ya sa T/Wada ke komawa Twada yau, T-Wada gobe. Zaɓi salo guda ka tsaya a kai, misali: 2025-03 NECO sunan mai takarda Doguwa.

Amanar mutane

Saurin nema yana da nasa haɗarin. A kwamfutar shago, duk wanda ya zauna ya rubuta NIN zai ga takardun unguwa guda cikin daƙiƙa. Tun watan Yunin 2023 Najeriya ke da dokar kare bayanan jama'a, kuma ko babu doka, amana ce. Sa wa kwamfuta kalmar sirri, ware asusun masu haya daban, cire foldar kwastomomi daga fihirisa ta zaɓin Exclude, kuma ka goge abin da aikinsa ya ƙare. Kada ka kunna zaɓin HTTP Server na Everything, domin yana buɗe fayilolinka ga wasu na'urorin da ke kan layi ɗaya da kai. Sauke manhaja daga shafin masu ita, ba daga filashin da ya zaga shaguna goma ba.

Ga mai shago ko ɗalibi mai tsohuwar na'ura, shawararmu ita ce a fara da Everything, a ƙara DocFetcher in takardun rubutu sun yi yawa. Yau da dare, ɗauki fayiloli goma masu suna "New Document" ka sake musu suna, sannan ka gwada nemo su.