Sabon Auren Uwa Da Kuɗin Karatun Agola A Amurka

A makon nan za mu leƙa Amurka, inda sabon auren bazawara kan taɓa karatun 'ya'yanta ta inda ba ta zata ba.

A can, ɗalibin da ke neman taimakon gwamnatin tarayya don shiga jami'a sai ya cika wata takarda da ake kira FAFSA, ya bayyana abin da iyayensa ke samu. Da ita ake auna ko ya cancanci kyautar Pell, watau kuɗin da ba a mayarwa, wanda iyakarsa ta kai dala 7,395 a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025. In iyayen sun rabu, ɗaya kaɗai ake dubawa. A da wanda yaron ya fi zama a wurinsa ne, amma tun 2024 sai wanda ya fi kashe masa kuɗi cikin wata 12 da suka wuce.

Uwar da ke riƙon 'ya'ya ita kaɗai an sassauta mata. In samunta bai wuce kashi 225 bisa ɗari na ma'aunin talaucin ƙasar ba, 'yarta na iya samun kyautar cikakkiya. Ma'aurata kuwa iyakarsu kashi 175.

To, ga inda gizo ke saƙar. Muddin tana da aure ranar da aka cika takardar, albashin sabon mijin ya shiga lissafi, ko da bai taɓa saya wa agolar fensir ba. Kuma samun shekara biyu baya ake dubawa, lokacin da watakila ko sanin juna ba su yi ba! Ko sun rubuta yarjejeniya kafin aure cewa kowa da aljihunsa, hukuma ba ruwanta. Sai a wayi gari an zabtare wa yarinya kyauta, ta koma cin bashi.

Ni dai abin bai kwanta mini ba. Uban da ya haifa yana gefe da dukiyarsa ba a tambaye shi ba, an kama mijin uwa. Wasu jami'o'i masu zaman kansu, irin su Harvard, su kan nemi bayanin uban ma, ta wata takarda dabam mai suna CSS Profile.

In mijin ya rasa aiki, ko asibiti ta cinye kuɗin gida, sai uwa ta kai shaida ofishin taimakon ɗalibai na jami'ar, suna da ikon sake lissafi. Amma "mijina ya ce ba zai biya ba" ba hujja ba ce a wurinsu.